Me Ya Sa Saba Ke Daskarewa Jifa-Jifa, Sannan Ta Ci Gaba Kamar Ba A Yi Komai Ba?

Me ke sa manhajar da ke gudana a kan saba, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun shafukan intanet da manhajojin waya, wadda ta shafe sa'o'i tana amsa buƙatu lami lafiya, ta yi tsit na sakan goma ko talatin, sannan ta ci gaba da aiki ba tare da kowa ya taɓa ta ba? Duk lokacin da shafin biyan kuɗi ko manhajar waya ta tsaya tana juyi, bayanin da aka saba ji shi ne sabar ta faɗi ko mutane sun yi mata yawa, maganin da ake gaggawar kawowa kuma shi ne a kashe ta a kunna, ko a ƙara mata ƙarfi. Sau da yawa bayanin da maganin duk ba su dace da ciwon ba. Sabar da ke daskarewa jifa-jifa yawanci jira take yi, kuma binciken gaba ɗayansa ya rataya ne a kan tambayoyi biyu: me take jira, kuma wa ke riƙe da abin da take jiran.

Faɗuwa daban, nauyi daban, daskarewa daban

Kowace manhaja da aka tayar a kan saba tana zama shiri mai gudana, da lambarsa da rabonsa na memori. A cikin shiri ɗaya akan sami zaruruwa da dama, wato ƙananan ma'aikata da kowanne ke ɗaukar buƙata guda ya yi aiki a kanta. Kanel, wadda ita ce zuciyar tsarin kwamfutar, ita ke raba musu lokacin furosesa, ita kuma ke kwantar da duk wanda ya nemi abin da bai samu ba tukuna.

Shirin da ya faɗi ya mutu, kuma yakan bar shaida: saƙon kuskure a rajistar aiki, wato fayil ɗin da shiri ke rubuta abin da yake yi, da dalilin fitarsa. Shirin da ya yi nauyi yana aiki, sai dai kowace buƙata tana daɗewa, kuma ma'aunin furosesa yakan nuna hakan ƙarara. Wanda ya daskare kuwa yana raye, lambarsa tana nan, ƙofarsa ta netwok a buɗe take, amma babu abin da ke ci gaba. Abin da kawai ake gani a rajista shi ne giɓi: layi ɗaya da ƙarfe 10:14:02, na gaba da ƙarfe 10:14:31, babu komai a tsakani.

A Linux, tsarin da yawancin sabobi ke aiki da shi, umarnin ps ko top yana nuna halin kowane shiri da harafi. R yana nufin yana aiki ko yana layin samun furosesa. S barci ne na yau da kullum, irin na mai jiran saƙo daga netwok ko jiran makulli, wanda ana iya tayar da shi. D barci ne da ba a katsewa, galibi na jiran faifai, kuma shirin da ke cikinsa yawanci ko umarnin kill -9, na kashe shiri da ƙarfi, ba ya ji sai abin da yake jira ya iso. A nan ne wani ruɗani da ya daɗe yake tasowa. Tun shekarar 1993, adadin nauyi da Linux ke nunawa, wato yawan shirye-shiryen da ke aiki ko ke layin furosesa, yana ƙirga har da masu barcin D. Saboda haka ana iya ganin nauyi ya kai 40 a kan saba mai furosesa 8, alhali furosesan suna zaune babu aiki da kashi 95 cikin 100. Wanda bai san wannan ba zai je ya sayo saba mai furosesa 32, matsalar kuma ta biyo shi can.

Jiran faifai da jiran memori

Idan shiri ya rubuta bayani a fayil, kanel ba ta kai shi faifai nan take. Tana ajiye shi a memori, ta ce wa shirin an gama, sannan ta riƙa kwashewa a hankali. Bisa saitin da Linux ke zuwa da shi, kwasar tana farawa a bayan fage idan bayanan da ba a kai faifai ba suka kai kashi 10 cikin 100 na memorin da ake da shi, idan kuma suka kusanci kashi 20 sai a fara taka wa masu rubutun birki da kansu. A saba mai memori da yawa da faifai marar sauri, wannan kaso yana nufin gigabait masu yawa da suka taru, kuma duk shirin da ya nemi tabbacin cewa rubutunsa ya sauka a faifai, ta hanyar kiran fsync, yana iya tsayawa a bayan wannan tarin. Abin takaicin shi ne wanda ya tara bayanan yana iya zama wani aiki dabam, kamar kwafin ajiya da ke tashi da tsakar dare, wanda ya daskare kuma shi ne rumbun bayanan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Rajistar aiki kanta tana iya zama tarko. Zare ɗaya ya je rubuta layi a rajista, faifai ya riƙe shi, shi kuma yana riƙe da makullin rajistar, sai duk sauran zaruruwan da ke son rubuta nasu layin su jeru a bayansa. Haka kuma fayilolin da aka ɗora daga wata na'ura ta NFS: a saitin da aka fi amfani da shi, idan waccan na'urar ta daina amsawa, mai jira zai ci gaba da jira har sai ta dawo. Idan shiri ya wuce sakan 120 a barcin D, kanel takan rubuta gargaɗi tare da wurin da ya maƙale, kuma umarnin dmesg yana nuna shi. Daskarewar da ba ta kai minti biyu ba ba za ta bar wannan shaidar ba.

Ta ɓangaren memori hanyoyin uku ne. Idan memori ya yi ƙaranci, kanel tana tura wani sashe na shirin zuwa faifai, kuma dawo da shi yana cin lokaci. A harsunan rubuta manhaja irin su Java akwai mai kwashe shara, wanda ke tattara memorin da aka gama amfani da shi, kuma a wasu matakan aikinsa yana tsayar da dukkan zaruruwa cak. Idan aka haɗa wannan da memorin da aka tura faifai, tsayawar milisakan kaɗan tana iya zama ta sakanni masu yawa. Na uku ya shafi kwantena, wato keɓaɓɓen wuri da ake sa shiri a ciki da iyakar abin da zai ci, kuma shi na furosesa ne maimakon memori. Idan aka sa wa shiri iyakar furosesa 2, kanel tana auna hakan ne a kowane zango na milisakan 100, wato rabonsa milisakan 200 ne na aiki a kowane zango. Zaruruwa 10 da suka tashi lokaci guda za su cinye wannan rabon cikin milisakan 20, sai a daskarar da shirin gaba ɗaya na milisakan 80 da suka rage. Allon sa ido zai nuna matsakaicin amfani ƙasa da iyaka, masu amfani kuma suna ta ƙorafi.

Makulli da cirko-cirko

Zaruruwa biyu ba za su taɓa bayani ɗaya lokaci guda ba tare da ɓata shi ba, don haka ake sa makulli: wanda ya riga ya riƙe, saura su jira. Mafi munin abin da wannan ke haifarwa shi ne cirko-cirko, inda zare na farko ke riƙe da makullin asusu A yana jiran na asusu B, na biyu kuma yana riƙe da na B yana jiran na A. A 1971 Edward Coffman da abokan aikinsa suka zayyana sharuɗɗa huɗu da sai sun haɗu hakan ke faruwa: abin da ake nema mutum ɗaya ne ke iya riƙe shi, mai riƙe da ɗaya yana neman wani, ba a ƙwace wa kowa nasa, kuma jiran ya zagayo ya zama da'ira. Karya ɗaya daga cikinsu ya wadatar, kuma hanya mafi sauƙi ita ce kowa ya riƙa ɗaukar makullan a jeri iri ɗaya.

Sai dai cirko-cirko na gaske ba ya warwarewa da kansa, saboda haka idan shiri yana daskarewa yana farfaɗowa, akwai wani abu da ke raba gardamar, ko kuma tun farko dogon riƙo ne kawai. Rumbun bayanai na PostgreSQL yana duba ko an yi cirko-cirko bayan jiran sakan 1, ya soke ɗaya daga cikin masu rigimar. A rumbun MySQL mai jiran makullin layi yana haƙura bayan sakan 50 idan ba a canza saitin ba. Wanda ya ga manhajarsa tana tsayawa na kusan sakan 50 cif ya riga ya sami rabin amsarsa.

Dogon riƙo ya fi yawa, kuma ya fi ɓoyewa. A ɗauka wani zare ya buɗe ma'amala a PostgreSQL, ya karanta wani tebur, sannan ya tafi kiran wata hidima ta waje bai rufe ma'amalar ba. Babu wanda ya damu, domin masu karatu ba sa tare juna. Sai wani injiniya ya aika umarnin sauya tsarin teburin, wanda ke buƙatar teburin shi kaɗai. Umarnin zai tsaya jiran zaren farko, kuma duk wata sabuwar buƙata, ko da ta karatu ce, za ta tsaya a bayan umarnin. Cikin sakanni kaɗan manhajar ta daskare. Mai duba pg_stat_activity, jerin abin da kowane haɗi ke yi a rumbun, zai ga ɗaruruwan masu jira, ya kuma ga mai laifin a ƙasa yana zaune shiru ba ya yin komai, abin da ke sa ido ya tsallake shi.

Akwai wani mai kama da wannan da ke cin sababbin masu rubuta manhaja. Shiri ya tayar da ƙaramin shiri, ya zauna jiran ya gama, bai karanta abin da yake fitarwa ba. Bututun da ke tsakaninsu a Linux yana ɗaukar bait 65,536 ne. Muddin fitarwar ba ta kai haka ba komai lafiya, amma ranar da ta wuce, ƙaramin zai tsaya jiran a kwashe, babban kuma yana jiran ƙaramin ya gama. A shirye-shirye masu zare ɗaya tilo da ke karɓar umarni, irin su Redis ko Node.js, ba a ma buƙatar makulli: umarni ɗaya mai nauyi, kamar KEYS na Redis a kan miliyoyin bayanai, ya isa ya tsayar da kowa.

Tsawon daskarewar shaida ne

Jiran netwok yana da wata fa'ida ga mai bincike: wa'adinsa sananne ne, don haka tsawon tsayawar yakan tona asirin musabbabinta. Idan ƙunshin farko na buɗe haɗin TCP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen haɗuwa ta netwok, ya ɓace, kanel ɗin Linux da suka gabaci 6.5 suna sake aikawa bayan sakan 1, sannan su riƙa ninka jiran, shi ya sa jinkirin da ke taruwa a sakan 1, 3 da 7 ke nuna ana zubar da sababbin haɗe-haɗe, sau da yawa domin layin karɓa ya cika. Iyakar wannan layin 128 ce a tsofaffin kanel, aka ɗaga ta zuwa 4096 a Linux 5.4. Jinkirin sakan 5 cif yakan nuna DNS, hidimar da ke mayar da suna zuwa adireshin na'ura, domin wannan ne wa'adin jiran amsa kafin a koma ga na gaba. Ƙarin milisakan 40 a kan ƙananan saƙonni yakan fito ne daga karon dabarar John Nagle ta 1984, mai tara ƙananan saƙonni kafin a aika, da jinkirta tabbacin karɓa.

Mafi muni shi ne haɗin da ya mutu ba a sani ba. Katangar tsaro da ke tsakanin manhaja da rumbun bayanai tana mantawa da haɗin da ya daɗe shiru, ba tare da ta sanar da kowane ɓangare ba. Manhajar ta ɗauko shi daga ajiya ta aika tambaya, babu amsa, babu kuskure, kanel kuma za ta yi ta sake aikawa na kimanin minti 15 kafin ta haƙura. Gwajin rai na TCP, wanda ke duba ko haɗin yana nan, ba ya farawa sai bayan sa'o'i 2 na shiru a saitin asali, kuma sai in manhajar ta kunna shi. Alamar wannan ciwon ita ce yana kamawa bayan dogon lokaci na rashin aiki, ba lokacin cunkoso ba. Lokacin faruwar ma shaida ne: abin da ke zuwa a farkon kowace sa'a ko a lokaci ɗaya kowane dare, a duba ayyukan da aka tsara wa cron, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka ƙayyade.

Yadda ƙaramin jinkiri ke cinye saba gaba ɗaya

Lissafin da John Little ya tabbatar a 1961 yana cewa adadin buƙatun da ke cikin tsari daidai yake da yawan masu shigowa a sakan ɗaya sau tsawon zaman kowacce. Tomcat, manhajar saba ta Java, alal misali, yana zuwa da zaruruwa 200. Idan buƙatu 100 ke shigowa a sakan, kowacce tana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na sakan, zaruruwa 10 ne ke aiki. Idan wata hidima da ake kira ta fara ɗaukar sakan 5, ana buƙatar zaruruwa 500, kuma 200 ɗin za su ƙare cikin kusan sakan biyu. Daga nan ko shafin da ba ruwansa da waccan hidimar ba zai sami mai amsa shi ba. Ƙara yawan zaruruwan yana jinkirta daskarewar ne da 'yan sakanni.

Kama shi yana cikin yi

Duba sabar bayan ta farfaɗo kamar kai majinyaci wurin likita ne bayan zazzaɓin ya sauka: kowane awo zai fito daidai. Allon sa ido da ke ɗaukar matsakaicin minti ɗaya yana shafe tsayawar sakan goma, saboda haka matakin farko shi ne a auna a kowane sakan, a kuma duba buƙatu mafi jinkiri maimakon matsakaici.

Mataki na biyu shi ne ɗana tarko. Ana rubuta ɗan ƙaramin shiri da ke ƙwanƙwasa wa manhajar kowane sakan, idan ta wuce sakan biyu ba ta amsa ba, nan take ya ɗauki hoton halin da ake ciki: matsayin kowane zare da jstack idan Java ce, ko da gdb, harafin halin kowanne da wurin da yake barci a kanel daga ps da /proc, layukan haɗi daga ss, da kuma awon memori da faifai na waɗannan sakannin daga vmstat da iostat. A ɗauki hoton zaruruwan sau uku da tazarar sakanni kaɗan, domin hoto ɗaya ba ya bambanta wanda ya maƙale da wanda wucewa kawai yake yi. A kuma ajiye sakamakon a wani faifai dabam, in ba haka ba tarkon zai daskare tare da abin da aka ɗana shi dominsa.

Wajen karanta hotunan, yawancin zaruruwan da za a gani waɗanda abin ya shafa ne. Idan 190 suna jiran makulli ɗaya, sai a nemi ɗayan da ke riƙe da shi, a ga shi kuma me yake jira, a bi sarƙar har ƙarshenta, ko da ta fita daga sabar ta shiga wata. Tun Linux 4.20 ta 2018 akwai fayiloli a /proc/pressure da ke faɗin kason lokacin da shirye-shirye suka ɓata suna jiran furosesa, memori ko faifai, kuma kayan aiki na eBPF irin su offcputime suna auna lokacin barci kai tsaye. Shi kuwa strace, mai nuna kowane kiran da shiri ke yi wa kanel, a yi hattara da shi a kan saba mai aiki, domin yana tsayar da shirin a kowane kiran kanel, yana iya ƙara ciwon ko ya canza lokutan har ciwon ya ɓuya.

Misalin da aka fi ambata a wannan fanni ya faru ne a duniyar Mars. Bayan saukar kumbon Pathfinder ranar 4 ga Yulin 1997, kwamfutarsa mai tsarin VxWorks ta riƙa sake tayar da kanta. Wani aiki marar muhimmanci na tattara bayanan yanayi yana riƙe da makulli, aiki mafi muhimmanci yana jiran makullin, ayyuka masu matsakaicin matsayi kuma suka hana na farkon samun furosesa balle ya saki. Mai gadin lokaci ya ga babban aikin bai gama a kan kari ba, sai ya sake kunna komai. An ga alamar matsalar kafin saukar, ba a iya maimaita ta ba. Injiniyoyin JPL, cibiyar NASA da ta gina kumbon, sun gano bakin zaren ne da suka bar kwafin na'urar yana gudana a ɗakin gwaji tare da rajistar kowane motsi, har abin ya faru a gabansu, sannan suka aika gyaran da ke ara wa mai riƙe da makulli matsayin wanda ke jiransa.

Inda masana suka saɓa

Masu kula da hidima suna cewa a sake kunnawa nan take, domin kowane minti asara ce. Masu rubuta manhajar suna cewa sake kunnawa yana shafe shaidar da ba za a sake samu ba sai ciwon ya dawo. Kowa yana da gaskiyarsa, amma a ganina rigimar ta fi ƙarfin dalilinta: ɗaukar hoton zaruruwa sakanni kaɗan yake ci, kuma idan saba fiye da ɗaya ce, ana iya cire marar lafiyar daga layi a bar ta yadda take. Abin da ya fi haɗari shi ne sake kunnawa ta atomatik, kamar yadda Kubernetes, manhajar da ke kula da kwantenoni, ke yi wa kwantenar da ta kasa amsa gwajin rai. Yana ceton dare, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kuma ana iya shafe watanni ba wanda ya lura.

Saɓani na biyu a kan wa'adi ne da sake gwadawa. Babu mai musun cewa kowane kira zuwa waje yana buƙatar wa'adi. Amma idan kowane mai kira ya sake aikawa sau uku da zarar wa'adi ya cika, hidimar da ke fama ta sami ninkin kayanta a daidai lokacin da ta fi rauni. Shi ya sa ake ninka tazarar da ke tsakanin gwaje-gwaje, a kuma cakuɗa ta da ɗan bambanci don kada kowa ya dawo lokaci guda.

Abin da ya shafi mai amfani

Shafi ɗaya na zamani yana iya kiran sabobi da yawa kafin ya bayyana. Idan kowacce tana daskarewa sau ɗaya cikin buƙatu 100, kuma shafin yana jiran 100 daga cikinsu, kusan kashi 63 cikin 100 na masu buɗe shi za su gamu da jinkirin, ko da yake kowace saba a karan kanta tana da kyakkyawan sakamako.

Illar da ta fi taɓa aljihu ita ce ta biyan kuɗi. Saƙon da ke cewa lokaci ya ƙure yana nufin wayar ta gaji da jira ne. Buƙatar tana iya kasancewa a layi, kuma sabar za ta aiwatar da ita da zarar ta farfaɗo. Wanda ya danna sau uku yana iya tarar da an cire masa sau uku, sai dai idan masu manhajar sun ba kowace ma'amala lamba ta musamman da sabar ke amfani da ita ta gane maimaici ta yi watsi da shi. Mai amfani ba shi da hanyar sanin ko an yi hakan, don haka abin da ya fi masa shi ne ya ɗan dakata, ya duba tarihin ma'amalolinsa kafin ya sake dannawa, idan kuma zai kai ƙorafi ya faɗi ainihin lokacin da abin ya faru har da mintinsa, domin da wannan ne injiniya zai nemo giɓin a rajista.